Rimaye: Inda Na Koyi Karanta Shekarun Babur

'Yar'uwa, in kin taɓa zuwa Rimaye ta ƙasar Kankia, kin san babur ne jakin wannan zamani. Shi ke kai buhun gero kasuwa, shi ke kai yara makaranta, shi ne kuma ke ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti cikin dare.

Bayan girbi na je gaishe da kawuna, na tarar da tsohon babur ɗinsa jingine a zaure, Honda CG125, irin wanda aka fara ƙerawa a 1975. Ya ce a kansa aka kai mahaifiyata asibiti ranar da za a haife ni. Na tambaye shi shekarunsa, ya yi dariya ya ce in tambayi bakanike.

Washegari muka tura shi rumfar wani dattijon bakanike a bakin hanya. Ya kwance tankin ya kife, ya goge tsatsa, ya nuna mini wasu lambobi da suka kusa shafewa. Sannan ya ce, "'Yata, tanki riga ne, ana canza shi. Ƙarfen wuyan babur za ki duba."

Ga abin da na koya. Yawancin baburan yanzu suna da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, an buga ta a wuya, ƙasa da kan babur. Ta goma ita ce shekara: Y na nufin 2000, 1 zuwa 9 na nufin 2001 zuwa 2009, A 2010, L 2020. Bayan shekara 30 haruffan ke maimaituwa. A 1981 wannan tsari ya kankama, shi ya sa na kawu ba shi da shi. In maigida zai sayi na hannu, ya gwada wannan lamba da ta takardu. In sun saɓa, ko an ga alamar kankara, ya riƙe kuɗinsa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai taya ce. A gefen yawancin tayoyi akwai rubutun DOT, alƙaluma huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Roba na tsufa ko ba a hau ta ba, balle a zafin rana irin namu. Masu ƙera taya na cewa a riƙa bincikar ta bayan shekara 5, kada kuma ta wuce 10, ko da zanenta bai cinye ba. Tayar gaban kawu ta haura 12.

A wurin aiki na sha ɗinke goshin yaron da ya faɗo daga goyo saboda taya ta fashe. Mu mata ba ma ba yaro magani sai mun duba kwanan watan da ke jikin kwalba. To me zai hana mu duba na abin da ke ɗaukarmu zuwa awo?

Kafin in baro Rimaye na saya wa kawu sabuwar taya. Ya yi ta mita wai ɓarnar kuɗi ce. Ke ma yau in maigida ya dawo, haska fitilar wayarki ki duƙa ki duba.