Ɗiyarku Ba Ta Zama Injiniya Ba Tukuna

Ina so in yi magana a kan 'yan matan da ke shiga jami'a don su koyi aikin injiniya, musamman shekararsu ta farko, domin ni ma na bi ta wannan hanya, na kuwa lura iyayenmu mata ba su san abin da ke cikinta ba sosai.

Ni mutuniyar Jega ce. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kebbi, wadda aka kafa a Aliero cikin 2006, yanzu kuma ake kiranta da sunan Abdullahi Fodiyo, tana nan kan hanyarmu ta zuwa Sakkwato, mota ba ta daɗewa ta isa. Kusancin nan shi ya sa Baba ya yarda in tafi, da a ce Zariya ce ko Kano da magana ta yi tsawo. To, amma kusancin yana da tasa ƙaya.

Tun ran da sunana ya fito, mutanen gidanmu suka bar kirana da sunan yanka, sai Injiniya. Gwaggo ta aiko da rediyonta da ta daina magana. Kawuna mai noman albasa ya ce in na zo hutu in duba masa injin ban-ruwa. Duk ƙauna ce, na sani, amma ku ji yadda abin yake. Karatun injiniya a jami'o'in ƙasar nan shekara 5 ne. A cikin ta huɗu ake tura ɗalibi wajen wata 6 ya ga aiki da idonsa a ma'aikata. Bayan ya gama ma, doka ba ta ba shi sunan Injiniya ba sai hukumar COREN, wadda aka kafa cikin 1970, ta yi masa rajista. A shekarar farko kuwa galibin abin da ake yi lissafi ne, da fizis, da kemistiri, da Turanci. Sufana ma ba mu riƙe ba.

Lissafin nan kuma ba irin wanda muka saba ba ne. Bari in ba ku misali da abin da kowace mace ta sani. In randa ta huje daga ƙasa, ruwa yakan fito da ƙarfi da fari, sa'an nan ya riƙa raguwa yayin da randar ke yin ƙasa, domin nauyin ruwan da ke bisa hujin ya ragu. To, akwai lissafin da ke faɗin saurin zubar a kowane lokaci, da kuma sa'ad da randar za ta ƙare. Kalkulas ake ce masa. Da shi ake auna tankin ruwa na gari da madatsar ruwa. Ran da na gane wannan na yi murna ƙwarai, amma sai da na yi makonni ina kai da kawo a kansa. A sakandare malami yakan bi ki har ki gane. A jami'a yakan yi bayani, ya ba da aiki, ya wuce, sauran kuwa naki ne da fitila. Darasin wannan mako a kan na makon jiya yake zaune, kamar tubali bisa tubali.

Ga kuma abin da na fi so iyaye su ji. Makin shekarar farko ba ya gogewa. Ana tara shi da na sauran shekaru har ran da za a ba da digiri. Wadda ta sami 70 ko fiye a darasi tana da maki 5, wadda ta faɗi ba ta da ko ɗaya, kuma tilas ta sake ɗaukar darasin baɗi a kan na baɗin. Galibin jami'o'i kuma ba su barin ɗalibi ya zauna jarrabawa sai ya halarci kashi 75 cikin 100 na darussa.

Nan ne ƙayar kusanci take. Tun da Aliero a bakin ƙofa take, babu suna, babu biki, babu gaisuwar mutuwa da ba a buga mini waya ba. "Ai nan da nan ne, ki zo ki koma." A zo ran Jumma'a, a kwana wanke-wanke da tuƙin tuwon baƙi, a koma ran Lahadi da dare ido na rufewa, Litinin kuwa ga gwaji. Wata abokiyar karatuna, mutuniyar Maiyama, tata ta fi tawa nauyi, gama ita ce babba a ɗakinsu, mahaifiyarta kuwa ba ta da lafiya. A zango na farko ta faɗi darussa biyu. Nan da nan waɗansu dangi suka ce ashe karatun maza ne, gara a yi mata aure. Yarinya ce mai kai, ta fi ni saurin gane lissafi. 'Yan'uwanta maza da ke makaranta babu wanda aka taɓa kira ya zo ya yi girki.

Sai kuma kunya. An rene mu a kan kada mace ta ɗaga murya cikin maza, ga shi mu mata ba mu da yawa a ajin. Yarinya sai ta zauna da tambaya a baki har malami ya fita. Dabarar da muka yi ita ce, muka riƙa haɗuwa mu huɗu bayan sallar Isha'i, kowace ta kawo abin da ya shige mata duhu. Wanda ya gagare mu duka mu rubuta a takarda, mu tafi tare wurin malami da safe. Tambayar da mutum huɗu suka ɗauko ba ta da nauyi a baki.

A wajena Inna ce ta raba gardama. Ba ta yi boko ba, amma da na kwatanta mata batun maki sai ta ce, "Ashe kamar adashi ne, wadda ta tsallake zubi ita ke kuka ran kwasa." Daga nan ta yanke cewa sau ɗaya a wata zan riƙa zuwa gida, in ba rasuwa aka yi ta kusa ba. Mai biki in ta tambaya, Inna takan ce, "Ɗiyata tana wurin aiki, ni na zo a madadinta." An yi ta tsegumi, har an ce boko ya sa na raina dangi, ita kuwa ta toshe kunne. Da labari ya kai Maiyama, wata ƙanwar mahaifiyar abokiyata ta tare a gidan don ta riƙa jinya. Abokiyar tawa ta sake darussan nan biyu a shekara ta biyu, ta kuwa ci su duka.