Wani Yammaci a La Villette

Wanda ya fito daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Porte de Pantin, a arewa maso gabashin birnin Faris, ba zai yi zaton a tsohuwar mayankar birnin yake tsaye ba. Har zuwa 1974 shanu ake yankawa a La Villette. Yau wurin shaƙatawa ne, kuma a gefensa babbar makarantar kiɗa ta Faransa take, wadda aka kafa a 1795, ta ƙaura zuwa nan a 1990. Taron masana ne ya kai ni birnin. Wani abokin aiki ya ja ni sauraron ɗalibai, na bi shi don kara kawai.

Matasa biyu suka fito, ba su fi shekara ashirin ba. Saurayin ya zauna gaban fiyano, budurwar ta rungumi celo, wato babban goge mai tsirkiya huɗu da ake kafawa a ƙasa tsakanin gwiwoyi. Babu mawaƙi, babu kalangu, babu lasifika. Irin wannan kiɗa na ƙaramin ɗaki ne, mutum biyu ko uku suna zance da kayan kiɗansu.

Suka fara da wani kiɗan makoki da Gabriel Fauré ya tsara a 1880. Fauré ya shugabanci wannan makaranta daga 1905 zuwa 1920, kunnensa na mutuwa a hankali. Muryar celo ta yi kama da ta dattijo mai ba da labarin rashi, ba ya gaggawa, ba ya kuka.

Wanda ya tsaya mini a rai shi ne na Claude Debussy. A 1915 ya rubuta shi, a bakin teku a Normandi, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, ciwon daji kuma na cinsa. Shida ya yi niyyar rubutawa irinsa, uku ya samu ya gama, ya rasu a 1918 Jamusawa na yi wa Faris ruwan wuta. Duka-duka bai wuce minti goma sha biyu ba. A kashi na biyu yarinyar ta riƙa tsinkar tsirkiya da yatsa kamar mai gurmi, fiyano na amsa mata a gutsure, kamar masu gardama da raɗa. Kafin kowane shiga sai ta ja numfashi, saurayin ya ji, su faɗo tare. Da farko na ɗauka gajiya ce, ashe alama ce.

A nan ne na yi abin kunya. Da kashi na farko ya ƙare na tafa hannu ni kaɗai, ban san ba a tafi sai an kai ƙarshe. Wata tsohuwa ta juyo ta yi mini murmushin tausayi.

Ni dai na taso ina jin ana cewa ɗan mutunci ba ya riƙe goge, kuma ban taɓa musa ba. Ga ƙasa tana kashe kuɗinta domin yara su koyi aikin mamacin da ya haura shekara ɗari a kabari, ga iyayensu a layin gaba suna alfahari. Ban fito na zama masoyin wannan kiɗa ba, har yanzu kunnena kukuma ya fi ganewa.

A tasha na sake ganin yarinyar, ta goya celonta cikin farin akwati, tana neman inda za ta tsaya a jirgin da ya cika maƙil.