Hoton Baba a bakin kogi

Hoto ɗaya tak nake da shi na Baba a shekararsa ta ƙarshe, shi ma fuskarsa ba ta fito ba. A Yamai na ɗauke shi, bakin kogin Isa kusa da gadar Kennedy, ana gab da magariba. Rana ta yi ja a bayansa, ruwa yana ƙyalli. Baba ba mai son hoto ba ne. Ya ce, "Yi maza, ɗan nan, an kusa kiran salla." Na danna sau ɗaya, muka wuce masallaci.

Bayan rasuwarsa ƙannena suka ce in turo masu hoton. Da na buɗe, sararin sama ya yi kyau, amma Baba inuwa ce baƙa mai hula. Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Tsayuwarsa ce." Ba ta ƙara komai ba.

Daga baya wani mai hoton biki ya yi mini bayani. Ido yana iya ganin haske da duhu lokaci guda, kyamara kuwa sai ta zaɓi ɗaya. In ta bi hasken sama, fuska ta yi duhu. In ka taɓa fuskar a allon waya, sama ta koma fara fat, jan ranar ya ɓace. Dabarar ita ce ka daidaita kyamara da hasken sama, sannan ka kawo wa fuskar nata hasken: ko ka kunna filasha ka matso kusa, don na waya ba ya kai nisa, ko wani ya riƙe farin ƙyalle a gaban mutumin ya mayar masa da hasken rana. Ka kuma ɗan karkatar da shi, kada rana ta tsaya daidai ƙeyarsa. Ka shirya tun da wuri, don a ƙasarmu rana ba ta jira. Mintoci kaɗan duhu ya shigo.

Da ƙaramar salla na kai Inna wurin nan. Autanmu ya riƙe farin mayafi, ni kuma na ɗauka har sau bakwai. Ta ce, "Kai, wannan wahala duk ta mene ce?" Ban amsa ba. Na dai duba allon: ga jan sama, ga tsagen kumatunta, ga idanunta a sarari.

Hoton Baba yana nan ban goge ba. Allah ya jiƙansa.