Mun sayar da ɗakin ja, mun koma gidan mota

Jama'a, tun ranar da na saka hoton farar motar nan a bakin tafkin Loch Ness ake ta yi mini tambaya ta akwatin saƙo. Wasu na cewa, "Malam, ina tsohon ɗakin naku da kuke ja?" Wani ƙanena daga gida ma cewa ya yi ko bas na saya zan fara lodi. To ga bayani, ku yi haƙuri da tsawonsa.

Ga waɗanda ba su san abin ba, a nan Birtaniya mutane da yawa ba sa kama otal idan za su je hutu. Akwai abin da suke kira karaban, ɗaki ne mai tayoyi marar inji, da gado da murhun gas da firji da banɗaki a ciki, sai ka ƙulla shi a bayan motarka ka ja. Akwai kuma motahom, inda ɗakin da motar a haɗe suke, ka tashi daga kujerar direba ka yi taku uku ka hau gado. A gidanmu na farkon ɗakin ja muke ce masa, na biyun kuma gidan mota. Al'adar ta daɗe, don tun 1885 wani likita, William Gordon Stables, yake yawo da irin ɗakin nan dawakai na ja. Ƙungiyar masu karaban da aka kafa a 1907, sai a 2017 ta sa motahom a sunanta, ta koma Caravan and Motorhome Club. Ashe ba mu kaɗai kiɗa ya canza wa ba.

Shekara tara muka yi muna jan ɗakinmu. Duk wanda ya taɓa ja ya san inda gizo ke saƙa: baya-baya. In kana so gindin ɗakin ya yi dama, sai ka fara murɗa sitiyari hagu, hannunka na gardama da ƙwaƙwalwarka. Ba zan manta wata yamma a wani sansani a Cornwall ba. Ana yayyafi, uwargidana Hajiya na tsaye a baya da lema tana ɗaga mini hannu, ni kuma ba na ganinta a madubi. Na shiga na fito sau shida. Maƙwabta suka fito da kofunan shayinsu suka zauna a bakin rumfa, ba wanda ya yi dariya, amma shirun nasu ya fi dariyar ciwo. Daga ƙarshe wani dattijo ya taso ya ce in bar masa makullin, cikin minti ɗaya ya daidaita shi. Da muka shiga ciki Hajiya ta ce, "Malam, da ka ba shi tun farko ai da yanzu mun ci tuwo."

Bayan an daidaita ma aiki bai ƙare ba. A sauke ƙafafu huɗu, a duba ko ɗakin ya karkata, a gangaro da durom na ruwa daga famfo, a jona wayar lantarki, a kafa rumfa a kakkafe turaku. Sa'a guda da ɗoriya ke nan. A hanya kuwa doka ta ɗaure mai ja: kada ya wuce mil 60 a sa'a a babbar hanya, mil 50 a hanyar da ba a raba ta ba, kuma in layi uku ne ba shi da ikon shiga na can dama. Babbar mota in ta wuce ka da gudu sai ka ji ɗakin na kaɗa wutsiya a bayanka, gabanka ya faɗi. Shi ya sa ake ba sabon shiga shawarar kada nauyin ɗakinsa da kaya ya wuce kashi 85 cikin ɗari na nauyin motar.

Amma a lokacin ban ga wahalar ba, don yara uku ne da ni a gida. Babban shi ke ɗebo ruwa, ta tsakiyar ta riƙe turaku, autan kuma aikinsa ya ɓatar da guduma. Sai da suka watse, wannan ya tafi jami'a, waccan ta kama aiki a wani gari, sannan na gane ashe hannu da yawa ne yake ɗauke mini nauyin. Hutunmu na farko mu biyu, na durƙusa ina sauke ƙafar ɗakin, bayana ya riƙe, na kasa miƙewa sai da Hajiya ta kama ni. A daren ta ce, "Ni dai na gaji da tsayuwa cikin ruwa ina yi maka ɗan sanda." Daga nan maganar gidan mota ta samo asali.

Abin da ban sani ba sai da na shiga nema shi ne zancen lasin. Wanda ya ci jarrabawar tuƙi a nan daga 1 ga Janairun 1997, lasinsa na ƙaramar mota ya tsaya ne a kilo 3,500, da motar da mutane da kaya gaba ɗaya. Ni a cikinsu nake. Kilo 3,500 kamar da yawa, amma motar kanta ta cinye mafi yawa, kuma tankin ruwa mai lita 100 kilo 100 ne cif. Kafin tafiyarmu ta farko na kai ta sikelin manyan motoci, sai ga shi mun haura. A nan muka tsaya muna shawarar wa za a sauke. Buhun shinkafa ya koma rabi, tukunyar ƙarfe ta koma gida, galan na manja kuwa Hajiya ta ce sai dai a sauke ni.

Daɗin da muka samu ba zan ɓoye shi ba. Mu iso sansani, in hau da tayoyi kan matakan daidaitawa, in jona lantarki, in juya kujerun gaba su fuskanci tebur, minti goma ruwan shayi ya tafasa. Lokacin salla in ya riske mu a hanya, sai in sami wurin tsayawa, mu yi alwala a ciki, mu duba alƙibla a waya, ba neman lungu a tashar mai. Da motar muka bi hanyar nan ta arewacin Sikotland da ake kira North Coast 500, mil 516 daga Inverness a zagayo a dawo Inverness. Wurare da dama hanyar mota ɗaya take ɗauka, sai ɗan faɗaɗawa nan da can inda ake ba juna wuri. Da ɗakin ja ko kusa ba zan yi gigin shiga ba. Hawan Bealach na Bà dai ko da wannan ɗin kewaye shi muka yi, don allon da ke gindinsa ya gargaɗi manyan motoci, ni kuma ba na jayayya da allo. A Faransa kuwa garuruwa da dama sun ware wa irin motocinmu wurin kwana, da famfo da inda ake zubar da ruwan datti, wani kyauta wani da kuɗi kaɗan.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Wata safiya a kusa da Ullapool, an shimfiɗa tabarma a waje, an ɗora miya, sai Hajiya ta ce babu albasa. A da sai in ɗauki makullin mota in je in dawo, ɗaki na nan inda yake. Ranar kuwa sai da muka kashe gas, muka cire waya, muka ɗaure tukwane da tawul don kada su yi ta kiɗa, muka kulle kowace durowa, sannan gida gaba ɗaya ya tashi zuwa sayen albasa. Da muka isa gari, wurin ajiye motoci da ƙarfe a ƙofarsa mai tsayin kusan mita biyu, mu kuma muna dab da uku. Ga kuɗi: karaban ba a biya masa harajin hanya, ba a kai shi gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. Gidan mota duk yana buƙata, ga inshora dole, ga inji na biyu da za ka riƙa yi wa juyen mai, alhali ƙaramar motar zuwa aiki tana nan ba ka rabu da ita ba.

Abin da na fahimta bayan damina biyu shi ne, mai ɗakin ja kamar bafatake yake: ya isa zango, ya kwance wa jakinsa kaya, ya hau shi ya shiga gari. Mai gidan mota kuwa kunkuru ne, duk inda za shi da ɗakinsa a baya. Da muna sauka wuri ɗaya mu yi kwana goma, yara su yi abokai, maƙwabciya ta biyo ƙamshin daddawa ta zo tambaya, a rabu da lambar waya. Yanzu mun ga wurare ninkin na da, amma da wuya mu kwana uku a wuri guda, har yau ban riƙe sunan maƙwabci ko ɗaya ba. Don haka mai son canzawa, kafin ka duba farashi ka tambayi kanka: mai zama ne kai ko mai tafiya? Kuma ka ɗauki hayar motar na mako guda tukuna, gani ya kori ji.

Ranar da muka sayar da ɗakin, wani matashi ne ya zo da matarsa da yara biyu. Ya ƙulla, ya fara ƙoƙarin juyawa a ƙofar gidanmu, ya shiga ya fito, ya shiga ya fito. Ina shirin in ce ya ba ni makullin, sai na ga Hajiya ta riga ni. Ba wurinsa ta je ba, matar ta kama wa hannu ta matsar da ita gefe, ta nuna mata madubin direba, ta ce, "'Yar nan, nan za ki riƙa tsayawa. In ba kya ganin fuskarsa a ciki, shi ma ba ya ganinki."