Akuyar Da Ke Biyan Shuka Ta Biyu

Mu mutanen ƙasar Gumel, daga Gagarawa da Sule Tankarkar har bakin iyaka a Maigatari, gonakinmu jigawa ne, rairayi mai saurin shanye ruwa da saurin bushewa. Ba mu da kogi irin na Haɗejiya balle mu jingina da noman rani. Damina ɗaya ce, kuma ita ke ɗauke da gero da wake da riɗi da zoɓo.

Dattawanmu suna ba da labarin farin 1973 da na 1984, lokacin da ruwa ya ƙi sauka. Namu na yanzu yana sauka, sai dai ba ya cika alkawari. A yi ruwan shuka a watan Yuni, kowa ya fita da sungumi, gero ya tsiro, sai sama ta ɗauke mako biyu ko uku. Iska ta binne tsiron da yashi, rana ta ƙone saura. Can cikin Agusta kuma ya kece kamar da bakin ƙwarya, ya rushe gidajen ƙasa, kamar yadda Jigawa ta gani a 2022.

A wajen sake shuka talauci ke shigo mana. Mai hali yana da ragowar iri a rumbu. Talaka kuwa nasa ya tafi a shukar farko, sauran an yi tuwo da shi. Sai ya kwance akuya (a faɗi gaskiya, yawanci ta matar gida ce) ya nufi kasuwar Maigatari ranar Alhamis. A kara zai tarar kowa ya jawo tasa, har da 'yan'uwanmu na Nijar daga wajen Dungas da Magarya, duk a rame don ciyawa ba ta fito ba. Mai saye ya taya yadda ya ga dama. A wannan lokacin ne kuma kwanon gero ya fi tsada a shekara.

Geron da aka shuka a makare sai ruwa ya kai ƙarshen Satumba kafin ya yi ido. In ya ɗauke da wuri, dami ya zo ba nauyi, ga bashin damina yana jira, a sayar da ɗan abin da aka samu da kaka, lokacin da ya fi araha.

Shi ya sa samarinmu ba sa jiran a gama sussuka. Ana yanke gero, motocin Kano da Legas sun cika da 'yan ci-rani, a bar wa tsofaffi da mata roron wake.