Alƙalami da Sifana

A wata makarantar sakandare a Amurka, wata yarinya ta shiga ƙungiyar ɗalibai masu ƙera mutum-mutumi, wato na'urar da kwamfuta take bi da ita, ta yi tafiya, ta ɗauki kaya, ta ajiye. Ran da ta fara zuwa ɗakin aikin, ta tarar samari sun kewaye tebur, kowa da sifana ko waya a hannunsa. Ba wanda ya kore ta. Sai dai wani ya ce, tun da rubutunta yana da kyau, bari ta riƙe littafin ƙungiya. Ta karɓa. Har shekara ta ƙare hannunta bai taɓa ƙarfe ba.

Aikin da aka ba ta ba ƙarami ba ne. Babbar gasar makarantu ta irin wannan, mai suna FIRST, wani mai ƙere-ƙere Dean Kamen ne ya kafa ta a 1989, aka yi karon farko a 1992 a jihar New Hampshire. Ƙungiyar da za ta shiga ba injiniyoyi kaɗai take bukata ba. Tana bukatar mai neman taimakon kuɗi wurin kamfanoni, da ma'aji, da mai lura da lafiyar masu aiki, da mai zama a gefen fili yana rubuta ƙarfi da raunin sauran ƙungiyoyi, da mai iya tsayawa gaban alƙalai ya yi bayani. Har ma lambar girma mafi daraja a gasar ba don na'ura ake bayarwa ba, sai don amfanin da ƙungiya ta yi wa jama'arta. Yarinyar ta rubuta wasiƙu, kuɗi ya shigo, da shi aka sayi batir da tayoyi.

Duk da haka akwai abin da yake damunta. Ba ita ta zaɓi alƙalamin ba, miƙa mata aka yi domin ita mace ce. Ta kuma lura sauran 'yan matan duka suna wajen talla da ɗinkin tuta, samari kuwa suna wajen inji. Wanda bai taɓa riƙe sifana ba, yaya zai san ko Allah ya ba shi baiwar riƙe ta?

An riga an ga abin da 'yan mata suka iya sa'ad da aka bar musu teburin. A 2017 'yan mata 6 daga birnin Herat na Afganistan suka ƙera na'ura mai rarrabe ƙwallaye, alamar ruwa mai tsabta da gurɓatacce. Sau biyu aka hana su biza, daga baya aka bar su suka shiga gasa a Washington, suka sami lambar azurfa ta jaruntaka. A 2019 kuma ɗaliban makarantar 'yan mata ta Metodis da take Mamfe a Gana suka ci gasar duniya ta Robofest a jihar Michigan. A makarantarsu ba namijin da za a bar wa inji, saboda haka kowane aiki nasu ne.

Littafi Mai Tsarki bai raina ko ɗaya daga cikin ayyukan nan ba. Manzo Bulus ya kwatanta ikilisiya da jiki ɗaya mai gaɓoɓi da yawa, kowace da amfaninta. Lidiya 'yar kasuwa ce, Biriskila kuwa da hannunta take ɗinkin alfarwa tare da mijinta Akila. Ubangiji ne mai rarraba baiwa yadda ya ga dama, ba al'ada ba.

Da sabuwar shekarar karatu ta zo, yarinyar ta tafi wurin malamin da yake lura da ƙungiyar, ta roƙa a koya mata haɗa wayoyi. Ta ƙone fis biyu kafin ta iya. Ba ta yar da littafin ba, amma yanzu ita da wani saurayi suke riƙonsa bi da bi, shi ma ya gane rubuta wasiƙar roƙo ba wasa ba ne.

Iyaye, malamai da dattawan ikilisiya su auna wannan. Sa'ad da ake raba aiki wa matasa, wa ake miƙa wa tsintsiya da tukunya, wa kuma ake miƙa wa na'urar lasifika? Ya kamata a tambayi yarinya tukuna, a kuma bar ta ta gwada.