'Yan Sharar Akwatin Kifinmu

Aikinmu koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare da ke Dayi, cikin ƙasar Malumfashi, inda tsakaninmu da teku tafiyar yini ce cur a mota. Yaranmu sun san masara da dawa da auduga tun daga shuka har girbi, amma da yawansu ba su taɓa tsayawa sun kalli kifi yana numfashi ba. Wannan ya sa a daminar bara muka sa wani mai yankan gilashi ya haɗa mana akwati mai cin ruwa kamar jarka uku, muka shimfiɗa yashi da tsakuwa, muka saka 'ya'yan karfasa shida, muka aje shi kusa da taga.

Ba a yi mako uku ba gansakuka ta rufe gilashin, ruwa ya yi kore shar, kifin ma sai an ƙura ido ake ganinsu. Kullum sai mun naɗe hannun riga mun goge, kwana biyu ta dawo. Muna cikin wannan fama wani tsohon ɗalibinmu ya ziyarce mu, ya nuna mana a wayarsa yadda masu kiwon murjani a Turai da Amurka suke yi. Su ruwan gishiri suke haɗawa, kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita kamar na teku, kuma ba sa dogara ga tsumma. Ƙananan halittu suke zubawa su yi musu shara.

Abin da ya burge mu shi ne kowane ɗan shara da fanninsa. Akwai dodon koɗi mai suna Trochus, aikinsa kankare gansakuka daga gilashi da duwatsu, in ya faɗo da baya kuma yana iya juyawa da kansa. Akwai Nassarius, wanda ke ɓuya cikin yashi, sai ya ji ƙanshin ragowar abinci ko mushe ya fito. Akwai jatan landen da ke tsince ƙwari daga jikin kifi, akwai bushiyar teku mai cin doguwar gansakuka. Sannan ga wata ƙaramar ƙaguwa da ba ta da kwanson kanta, sai ta shiga na dodon koɗi ta zauna. Gwana ce wajen shara, amma in gida ya yi mata kaɗan ba a tanadar mata wani ba, takan kashe abokin aikinta ta gaje kwansonsa. Masu wannan kiwo sun kuma lura cewa wanda ya zuba 'yan shara fiye da dattin da yake da shi, to in sun cinye sai yunwa ta kashe su, gawarsu ta ɓata ruwan da aka kawo su gyarawa.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan wasan masu kuɗi ne kawai. A 1983 da 1984 wata annoba ta kashe fiye da kashi 90 cikin ɗari na bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi a tekun Karibiyan, kuma cikin 'yan shekaru gansakuka ta danne murjanin gaɓar Jamaika. Ashe ba a san amfanin mai shara sai ran da bai zo ba.

To, mu da ba mu da teku, sai muka ce ai da abin da ke hannu ake yaƙi. Muka sanar a aji cewa muna neman dodon koɗi. Washegari yara suka cika mana gwangwanin madara biyu daga kududdufin bayan gari. Muka tsame guda goma muka zuba, saboda mun riƙe darasin nan na kada a cika yawa. Cikin mako guda gilashi ya yi tas, muka dinga yaba wa kanmu.

Ranar wata Laraba muna tsaye muna kallon yaron da ya fi kowa kawo su, hannunsa tsundum cikin akwatin yana gyara duwatsu, sai muka tambaye shi ko yana wanka a kududdufin. Ya ce, "Kullum ma, Malam. Duk mu 'yan unguwarmu can muke yi." Wani daga baya ya yi dariya ya ce, "Malam, ai har ya fara fitsarin jini, ya zama babba." Aji ya kwashe da dariya. Mu kuwa gabanmu ne ya faɗi.

Shekara nawa muna rubuta tsargiya a allo! Mun koyar cewa wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano tsutsarta a Alƙahira a 1851, kuma a 1915 Robert Leiper ya tabbatar a Masar cewa ta cikin dodon koɗin ruwa take bi. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin dodon koɗi irin Bulinus, bayan 'yan makonni dubban ƙananan tsutsotsi su fito su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Mun sha ba da maki a kan wannan a jarrabawa. Muka ciro ɗaya muka riƙe shi tsininsa sama, sai ga bakinsa a hagu, ɗaya daga alamomin Bulinus ke nan. Mun tambayi abin da ɗan sharar yake ci, mun ƙidaya yawansa, amma ba mu tambayi abin da ya ɗauko daga inda ya fito ba. Da hannunmu muka kawo kududdufi cikin aji, muka kuma ce wa yara su sa hannu.

A ranar muka hana kowa taɓa ruwan. Muka kwashe dodon koɗin da cokali muka zuba a wata kwalaba mai murfi, muka bar akwatin kwana uku ba mai taɓawa, domin tsutsar da ta fito ba ta wuce kwana biyu zuwa uku in ba ta sami jikin mutum ba. Da yamma muka je gidan su yaron. Mahaifinsa ya saurare mu tsaf, ya ce, "Malam, mu ma haka muka yi da muna yara, ga mu nan." Sai da muka yi masa bayanin yadda ciwon ke cin mafitsara a hankali har ya iya taɓa ƙoda, sannan ya yarda aka kai shi asibiti. Aka gwada fitsarinsa, aka ba shi ƙwayar praziquantel. Da labari ya bazu, wasu yara huɗu suka same mu a ɓoye suka ce su ma suna gani.

Akwatin bai rasa 'yan shara ba. Tsutsar ba ta bin ƙwan dodon koɗi, saboda haka muka ɗebi ƙwan da suka manna a ganyen da ke cikin kwalabar, muka ƙyanƙyashe su a ruwan rijiyar burtsatse, kuma 'ya'yan nan su ke share mana gilashi yanzu. Duk wanda ya kawo mana sabon ɗan shara, sai ya faɗi ruwan da ya ɗebo shi, sannan a keɓe shi, ƙwansa kawai za mu ɗauka.

Kududdufin kuwa yana nan bayan gari. Jiya da la'asar muka wuce a kan babur, muka ƙirga yara goma sha ɗaya a ciki, uku 'yan ajinmu ne. Suka ɗago hannu suna gaishe mu, muka tsaya muka kira su da sunayensu ɗaya bayan ɗaya.